Rilenmu na ta buga tirif ba dalili, manaja ya ce a cire wayar a huta

Nasiru_Casa:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema. Ni ke kula da lantarki a wani kamfanin casar shinkafa nan bisa hanyar Argungu. Muna da taransifoma tamu ta kanmu 1000kVA, tana ɗaukar wuta daga layin 33kV ta sauke ta 415V, gabanta kuma akwai bireka (babban makunnin yanke wuta) na cikin ɗaki da rile irin na zamani mai sikirin, wato na'urar kariya da ke ba bireka umurnin yanke wuta (tirif) in ta ga matsala. To tun wajen ƙarshen hunturu birekan nan ya fara faɗuwa haka kawai. Wani lokaci da an maido wutar NEPA mun jona sai ya buga, wani lokaci sai mun tada babban moto, wani lokacin kuma da rana tsaka ana aiki lafiya lau sai ka ji ɗau komai ya tsaya. Abin da ya fi ɗaure min kai, wani sa'in jar fitilar at folt (alamar wuta na zuba ƙasa) ce ke kamawa a jikin rile, wani sa'in kuma babu fitila ko ɗaya, rile shiru kamar bai san an yi ba amma bireka na ƙasa. Mun yi mega (gwajin ko wuta na yoyo) a kebul da taransifoma duk lafiya. Yanzu manaja ya gaji, don in wuta ta yanke shinkafa na cikin tukunyar turara ko injin busarwa asara ce babba, ya ce in cire wayar tirif mu ci gaba da aiki har a samu wani rile. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

MaiWaya_Jega:
Wslm. Rilen ne ya mutu oga, canza shi kawai. Kayan yanzu duk haka suke, shekara biyu uku sun fara hauka.

Inj_Yar_Zuru:
Kada ka cire wayar nan. Ko da wasa. Sauran maganar ta biyo baya amma wannan ita ce ta farko.

TsohonNEPA_BK:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi daidai da kat tambaya kahin ka taɓa komi. Manajanka halan bai taɓa ganin taransifoma na cin wuta ba. Kare na haushi da dare, ba ka hita ka ɗiba abin da yag gani ba, sai kac ce a ɗaure mai baki don ka samu kwana. In ɓarawon gaske yaz zo hwa?

Abin da nika so ka lura da shi, ciwo biyu kab ba mu labari ba guda ba. Akwai tirif da rile yac ce shi yay yi, shi na mai jar fitila. Akwai kuma wanda bireka yah hwaɗi rile bai san zancen ba. Wanga na biyu ko ka sawo sabon rile daga Jamus ba zai daina ba, tunda ba daga wurinai umurnin ka hitowa ba. Raba su tukuna. Kowane tirif ka rubuta lokaci, mi aka yi sa'ad da yab buga, da ko fitila ta kama ko ba ta kama ba.

Inj_Mustafa_Gusau:
Baba ya gama magana. Malam Nasiru ka turo mana waɗannan: reshiyon CT (abin da ke rage amfiyar layi don rile ya iya aunawa) da ajinsa kamar yadda ke rubuce a farantin jikinsa, ba abin da ke cikin takarda ba, sai setin 51, 50, 51N da 50N da ke cikin rilen (51 tirif na yawan wuta mai jinkiri, 50 na nan take, masu N kuma na at folt), sai kuma rikodin folt na ƙarshe guda biyar ko duk nawa ya ajiye. Kusan duk rile mai sikirin yana ajiye su, ko MiCOM ne ko Sepam ko REF615, ka shiga menu za ka ga amfiya nawa kowane fes ya ɗauka lokacin da ya buga.

Kafin ka dawo ga lissafi ɗaya. Taransifoma 1000kVA a ɓangaren 33kV cikakken lodinta amfiya 17.5 ne kacal. Amma a daidai lokacin da ka jona ta, wutar da take zuƙa ta farko na iya kai ninki 8 zuwa 12, wato wajen 140 zuwa 210, na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba sai ta sauka. Idan wanda ya yi setin ya ajiye 50 ƙasa da wannan kuma babu jinkiri, to wata rana za ta shiga lafiya wata rana ta buga, ya danganta da inda igiyar boltej take a daidai lokacin da bireka ya rufe. Shi ya sa mutane ke cewa rile na da aljanu.

AbuKhadija_Yauri:
Hhhh aljanun rile. Wlh akwai wani wuri da na je aiki har turare na tarar an kunna a ɗakin fanel.

MaiWaya_Jega:
Ni fa ina ganin lodi ne bai daidaita ba. In fes ɗaya ya fi sauran nauyi ai dole at folt ta kama, mun sha gani a gidaje. Ka raba lodin daidai ka gani.

Inj_Yar_Zuru:
@MaiWaya_Jega a'a, nan ba haka ba ne. Taransifomomin nan kusan duk Dyn11 ne, ɓangaren 33 delta ne ba shi da nutural. Duk yadda lodin 415 ya karkace, kai ko at folt na gaske aka yi a ɓangaren 415, a sama wutar fes uku in ka haɗa su sifili za su ba ka. Rilen da ke ɓangaren 33 zai gan shi a matsayin wuta ta yi yawa a fes, ba at folt ba. Saboda haka in 51N ta kama a can, ko dai akwai folt na gaske tsakanin CT da taransifoma, ko kuma CT ɗin ne ko wayoyinsa ke yi wa rile ƙarya.

MaiWaya_Jega:
To Hajiya, ni dai wayarin gida na sani, na bar muku.

Nasiru_Casa:
Ngd sosai. Ga abin da na samo. CT 50/1 ne, 5P10, guda uku, babu wani CT na daban na at folt. A cikin rile ma 50/1 aka sa. 51 an sa 0.4 wato amfiya 20, layin SI (wuta na ƙaruwa lokacin bugawa na raguwa), TMS (setin jinkiri) 0.1. 50 an sa 3, lokaci sifili. 50N an sa 0.1, shi ma lokaci sifili. Rikodin folt akwai amma kwanan watan duk ya rikice, yana nuna wata shekara can baya kuma kusan duk 1 ga Janairu. Na ƙarshe ya nuna amfiyar fes uku haka: ja 12, rawaya 6, shuɗi 12, N kuma 6. Akwai wani da ya nuna ja 163, wannan 50 ce ta buga.

Inj_Mustafa_Gusau:
Madalla. Na 163 ɗin nan shi ne abin da na faɗa, 3 sau 50 amfiya 150 ke nan, yana tsakiyar wutar jonawa. Wanda ya yi setin nan bai yi lissafi ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce 50 ta zauna sama da wutar jonawa kuma sama da folt mafi girma da za a iya yi a ɓangaren 415, don kada ta riga birekan ƙasa bugawa. Duba farantin taransifoma ka ga imfidans, in 6% ne to 17.5 raba 0.06 zai ba ka wajen 290, sai a ɗora kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kai. In rilen yana da abin toshe tirif da hamonik na biyu a kunna shi, galibi ana sa shi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don wutar jonawa cike take da shi, folt na gaske kuwa ba shi da shi sosai.

Amma ni wanda ya fi jan hankalina shi ne 12, 6, 12 da N 6. Babu folt a nan. Folt ƙara wuta yake yi, ba ya rage ta. Rawaya ce ta ɓace rabi, rile kuma ya ɗauki abin da ya ɓace ya kira shi at folt, tunda CT uku aka haɗa ake ciro N daga jimlarsu. 50N ɗinka kuma amfiya 5 ce babu jinkiri, 6 ta wuce 5, shi ke nan ya buga. Ina zargin wayar CT ta rawaya, ko sukurun taminal ya saki, ko akwai abin shotin da bai gama buɗewa ba yana raba wutar biyu. Kuma ka ce yana yi in kun tada babban moto, ai a lokacin lodi ya hau kuma gini na girgiza.

Kabiru_Poly_Kaura:
Slm injiniyoyi, ni ɗalibi ne a poli ta Kaura Namoda, ina bin zancen nan kamar lakca. To me zai hana ya zare wayar rawayan ya duba ta ya mayar, ai minti biyu ne?

TsohonNEPA_BK:
Subhanallah. Kabiru kak ka sake hwaɗin haka, kuma kak ka taɓa yi. Ba a buɗe bakin CT wuta na bi cikinai. Muddin akwai lodi bisa layi, in ka zare wayag ga boltej na iya hawa dubbai nan bisa taminal, ya kashe mutum ko ya ƙone CT ɗin. Ni da idona na ga taminal na tartsatsi na waƙa saboda wanga ganganci, Allah dai ya kiyaye yaron. In dole a taɓa, a yi shotin S1 da S2, bakunan CT ɗin biyu, tukuna. Wanda yaf fi ma, a kashe bireka, a jawo shi waje, a buɗe asoleta ta waje, a gwada a tabbatar babu wuta, a sa atin (a ɗaure layi da ƙasa), sannan a sa hannu. Talatin da uku ba ta ba mutum dama ta biyu.

Kabiru_Poly_Kaura:
Na gode Baba, na ji kuma na kiyaye. An faɗa mana a aji amma ban ɗauka abin ya kai haka ba.

Inj_Yar_Zuru:
Kowa ya bi amfiya, ba wanda ya kula da kwanan wata. Nasiru ya ce rikodin kusan duk 1 ga Janairu na wata shekara can baya. Ma'ana agogon rile na komawa farko, rile na mutuwa yana tashi ke nan, kuma ɗan batirin ko kafasitan da ke riƙe masa agogo ya gama aiki. Me ke kashe rile? DC ɗinsa, wato wutar batir, ke ɗaukewa. Nasiru batir nawa ne a fanel ɗin, yaushe rabon da a canza su?

Nasiru_Casa:
Guda tara ne masu 12V a jere, na 110V. Tun da na zo wurin ban ga an canza su ba. Amma na auna jiya 122 na gani, ai lafiya ke nan ko?

AbuKhadija_Yauri:
Cajar ka auna ba batir ba malam. Wannan fannina ne, sola da batir nake yi. In caja na kunne ko batir ya zama gawa mita za ta nuna maka 122 ɗin nan, tunda kowane ɗaya ana riƙe shi wajen 13.5. Kashe cajar, ka bar lodi a kai, ka dawo bayan rabin awa ka auna kowane batir shi kaɗai. Mai lafiya zai tsaya sama da 12. Za ka tarar da ɗaya ko biyu sun zube 10 ko ƙasa, kuma tunda a jere suke guda ɗaya ya isa ya ja sauran ƙasa. Ka duba cikinsu ma ko ya kumbura. Batirin nan an yi lissafin rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin wajen digiri 10 rabin rayuwar ke tafiya. Yanzu ka tuna Afrilu da Mayu a Kebbi, waje ma sama da 40, balle ɗakin fanel mai rufin kwano da aka rufe ruf saboda ƙura. Ga shi wuta na daɗewa ba ta zo ba, batir na ta zuƙewa babu caji. Shekara biyu in ya yi ya yi ƙoƙari.

DanMafara:
Amma tsaya AbuKhadija. In batir ya mutu ai bireka ƙin buɗewa zai yi, tunda tirif kwayil, wadda ke jan bireka ya buɗe, ba ta da wutar da za ta ja. Ta yaya mataccen batir zai sa ya faɗi? Ni nan ne ban gane ba.

Inj_Yar_Zuru:
Tambaya mai kyau, kuma gaskiyarka a yawancin fanel. Shi ya sa ma mataccen batir ya fi tirif ɗin banza haɗari, ana zaune ana ganin komai lafiya alhali babu kariya ko kaɗan. Amma akwai birekan da ake sa wa kwayil ta biyu wadda ita dole sai da wuta take riƙe shi a rufe, boltej na sauka ta sake shi. Wasu ‘yan kwangila kuma kan haɗa kontak ɗin da ke nuna rile ya mutu kai tsaye zuwa tirif, wai don kada a zauna ba kariya. A irin waɗannan, DC na yin ƙasa bireka zai faɗi kuma babu fitilar da za ta kama, don rilen ma a lokacin ba ya raye. Sai an ga zanen wayarin fanel ɗin za a sani.

Nasiru_Casa:
Zane kam babu shi Hajiya. An ce wanda ya kafa fanel ɗin ya tafi da shi.

AbuKhadija_Yauri:
Kullum haka. Har da fasuwod ɗin rile suke tafiya da shi don a sake kiransu.

TsohonNEPA_BK:
Zamaninmu da rile irin CDG munka yi aiki, mai faifai na juyawa cikin gilashi. Ka tsaya gabanai ka ga faifai ya hwara tahiya ka san lodi ya yi yawa tun bai buga ba. In ya buga tuta ta hwaɗo, ba ta komawa sai ka sa hannu. Babu fasuwod babu laftof. Akwai waɗanda anka kahwa tun muna samari har yau suna aiki.

Inj_Mustafa_Gusau:
Ranka ya daɗe Baba, suna aiki ko dai suna nan? 😄 Na sha buɗe irinsu in tarar faifan ya kafe da ƙurar hunturu, ko zanzaro ya yi gini a bayan maganaɗisu, ka tura masa wuta ninki biyar ko motsi. Shekara da shekaru bai buga ba kowa na yabonsa, ashe ba zai iya ba ne. Na zamanin nan aƙalla in ya lalace yana kunna fitila ya faɗa, kuma ba don rikodinsa ba da yanzu muna ta canki-canki kan matsalar Nasiru.

TsohonNEPA_BK:
Wanga kuma laihin masu kula da shi na, Mustafa. Mu duk shekara sai mun hid da shi mun goge mun gwada da agogo. Ku kuwa kun sa ma na'ura ido.

DanMafara:
Bari in ba ku nawa, don kada a ɗauka kullum ƙarya rile ke yi. Wata gona ce nan yankin Bakolori mai famfunan ban ruwa, nasu 11kV ne. At folt na ta bugawa jefi-jefi, yawanci da sassafe, in an mayar sai ya zauna. An yi mega da rana tsaf, an canza rile, bai daina ba. Mai gonar har ya sa an ɗaga setin. Ranar da muka kashe muka buɗe akwatin kebul na bayan fanel, sai ga ƙadangaru biyu sun bushe a kan taminal, ga baƙin layi siriri kamar an zana da gawayi ya bi jikin kan kebul ɗin tun daga sama har wajen atin. Ƙura ta kwanta a kai, da asuba raɓa ta jiƙa ta sai wuta ta bi, rana na fitowa ya bushe mega ta ce lafiya. Saura kaɗan kan kebul ɗin ya fashe. Don haka Nasiru in kun kashe ka buɗe akwatin kebul ka haska da tocila, ka shinshina ma, wurin da wuta ke tsalle yana da wari nasa. Ka toshe duk ramin da tsaka ko ɓera zai bi.

Inj_Yar_Zuru:
Wane mega ma kuka yi amfani da shi Nasiru? In na 500V ko 1000V ne na wayarin gida, bai gaya maka komai ba a kan kebul na 33. Aƙalla na 5kV ake so.

Nasiru_Casa:
Na 1000V ne 🙈 shi muke da shi.

Alh_Sani_Injin_Kamba:
Ni ba injiniya ba ne, mai injin casa ne kamar maigidan Nasiru, ɗana ya sa ni a zauren nan. Ku yi wa manajan adalci. Ku kuna maganar lissafi, shi yana kallon shinkafa jiƙaƙƙa na tsami a tukunya, ga leburori an biya, ga dizal in an koma janareta. Abin da nake so in sani, ba za a iya ɗaga setin ɗin duka ba ya daina saurin bugawa, ba sai an cire waya ba? Ai an raba gardama.

Inj_Mustafa_Gusau:
Alhaji barka da zuwa, tambayarka a kan hanya take. Ana iya gyara setin, na 50 ma dole a gyara shi, 50N kuma a ba shi ɗan jinkiri. Amma ba a ɗagawa da ka. Rilen Nasiru ba shi kaɗai ke kan layin ba, akwai na fida (babban layin da ke kawo musu wuta) a tashar da ta ba su wuta, kuma tsarin shi ne na kusa da folt ya riga bugawa, na bayansa ya jira kamar sakan 0.3 zuwa 0.4. A layin SI in wuta ta ninka setin sau 10, TMS 1 na ba da kusan sakan 3, TMS 0.1 kuma 0.3. In ka ɗaga naka ya wuce na tasha, ranar da aka yi folt a kamfaninku fida gaba ɗaya za ta faɗi, garuruwan da ke kan layin duk su shiga duhu saboda ku, kuma kamfanin rarraba wuta na da ikon yanke ku. Ga wani abu kuma, wutar yankin nan tun daga Kainji take tahowa a layin 330 zuwa Birnin Kebbi kafin a sauke ta, fidojin 33 ɗinmu kuma dogaye ne, wanda ke can ƙarshen layi wutar folt ɗinsa ba ta da yawa. In ka kai setin sama sosai ana iya yin folt na gaske rile bai gani ba. Shi ya sa sai an nemi alƙaluman tasha an zauna an yi lissafi.

Shi kansa 51 ɗin a duba shi da moto. Misali moto 110kW na cin wajen amfiya 190, in aka tada shi kai tsaye ninki shida zai ja, a ɓangaren 33 wajen 14 ke nan. Ɗora a kan 12 da ake ci, 26, setin kuma 20. Da TMS 0.1 bai kai sakan 3 ba zai buga. In sta-delta ɗinku na aiki daidai ba za a kai nan ba, amma a duba taimarsa.

Alh_Sani_Injin_Kamba:
To na ji. Kuɗin taransifoma sabuwa dai na san shi, ba sai an yi min lissafi ba.

TsohonNEPA_BK:
Ku dawo ga tirif maras fitila, kun bar shi. Ban yarda duka batir na ba. Nasiru yac ce da rana tsaka yaka yi. Taransifoma irin wagga tana da Buchholz, na'urar da ka gane iska in ta taru cikin mai, bisa bututun da ka zuwa tankin mai na sama, tana da agogon zahin mai, wata har da na zahin waya. Wurare da yawa wayoyinsu ba su biyawa ta rile, kai tsaye suka zuwa tirif kwayil. Ɗana je ka ɗiba agogon zahi, akwai jar allura da ka tsayawa inda zahi yak kai mafi yawa, ka gani ko ta kai inda anka sa tirif, galibi wajen 90 zuwa 95 na. Ɗiba gilashin Buchholz ko iska ta taru. In ka ga iska kak ka sake jonawa sai an ɗebi mai an kai gwaji. Kuma buɗe ɗan akwatin da wayoyin ga sunka haɗu jikin taransifoma, ɓeraye na son shi ƙwarai.

Inj_Yar_Zuru:
Wannan ma hanya ce Baba. In wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, ga kuma wani wuri a DC ɗin da ya riga ya taɓa ƙasa, biyun sun isa su ja kwayil ba tare da kowa ya ba da umurni ba. Nasiru ka auna fositif zuwa ƙasa da negatif zuwa ƙasa. In DC ɗin ba a ɗaure shi da ƙasa ba ya kamata su raba kusan daidai, in ka ga ɗaya sifili ɗaya 120 akwai magana.

Admin_Zaure:
Jama'a masu turo tallan inbata a tsakiyar zancen nan na goge, a kai ranar Asabar.

Nasiru_Casa:
Salam. Afuwan na yi shiru, sai ranar Juma'a manaja ya yarda aka kashe lokacin da ma'aikata suka tafi masallaci. Mun bi yadda Baba ya ce, har atin muka sa. Wayar S1 ta rawaya a taminal bulok da yatsa na juya sukurun, kan wayar ya yi baƙi da kore-kore, robar wurin ta ɗan narke. Mun yanke mun sa sabon kai mun ɗaure, mun bi sauran duka. Yanzu sikirin na nuna fes uku kusan daidai, N sifili, kuma tun ranar at folt ba ta sake kamawa ba ko an tada moto. Batir kuma AbuKhadija ka yi gaskiya, biyu sun kumbura, ɗaya 9 da ɗigo ya nuna da aka kashe caja. An canza biyun, manaja ya ce sauran sai wata ya ƙare. Akwatin kebul ƙura ce kawai mun goge. Buchholz babu iska, jar allura na kan 78. Setin ban taɓa ba tunda babu fasuwod.

Sai dai jiya wajen ƙarfe biyu na rana ya sake faɗuwa, babu fitila, babu sabon rikodi.

AbuKhadija_Yauri:
Sabo biyu cikin tsoho bakwai ai gyaran gangar auzinawa ne, tsofaffin za su cinye sababbin. A canza tara ɗin gaba ɗaya. Ni har yanzu batir nake zargi.

TsohonNEPA_BK:
Da rana tsaka wuta na nan caja na aiki, ina batir ya shigo ciki? Akwatin jikin taransifoma nac ce a buɗe, bai ce ya buɗe ba.

MaiWaya_Jega:
Ni dai tun farko na ce a canza rilen 😂

Inj_Mustafa_Gusau:
Ko kuma birekan kansa, in maƙallin da ke riƙe shi a rufe ya ci ko girisinsa ya bushe, girgiza kaɗai na iya sakinsa. Sai an kawo mai na'urar gwaji, Omicron ko Sverker, ya tura wa rile wuta ya ga a nawa yake ɗauka da sakan nawa yake bugawa, a gwada bireka shi ma, CT na rawayan nan kuma a gwada shi tunda ya daɗe yana aiki baki a sake. Kada ka yarda da wanda zai zo da tocila da sukurudireba ya ce ya gwada. Ya ba ku takardar sakamako da fasuwod a hannu.

Nasiru_Casa:
Mun yi magana da wani daga Kaduna, suna kan ciniki da manaja. Baba akwatin ban buɗe ba gaskiya, sukurorin sun yi tsatsa, sai an sake kashewa.

Inj_Yar_Zuru:
Agogon rile fa, ka saita shi ranar Juma'a? In ka saita, duba yanzu. In ya koma 1 ga Janairu DC ce ta ɗauke jiya, in yana daidai to ba ita ba ce. Kuma ka ɗauko mana hoton bayan fanel daidai inda wayoyi ke shiga tirif kwayil, mu ƙirga su nawa ne mu ga kowace daga ina ta fito.

Nasiru_Casa:
Agogon ma sai da fasuwod Hajiya. Hoton dai zan turo in na shiga da safe insha Allah.